Hawan jini ba ya sallama, ba ya kuma ban kwana

Jiya bayan la'asar muna zaune a majalisa wani abokinmu yake ba mu labari cikin jin daɗi wai shi fa ya ajiye maganin hawan jini tun bayan babbar sallah, saboda ya shiga kemis an auna shi an ce jinin ya sauka, 125 bisa 80, toh tunda ya sauka a kan me zai ci gaba da ɗura wa cikinsa ƙwaya kullum safiya. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Don wannan maganar sak ita na ji daga bakin kawuna shekara shida da suka wuce, kuma ba a rufa wata huɗu ba aka tsince shi da asuba a wajen alwala, buta ta kife a gefe, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Yana nan da ransa alhamdulillahi, amma da sanda yake takawa, magana kuma sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da yake faɗa, mutumin da a da shi ke jan baƙi a masallacin unguwarmu duk azumi.

Ni ma ina ɗauke da ciwon nan, shekarata ta biyar kenan ina shan magani. Abin da zan faɗa na tara shi ne daga zaryar asibiti da kawu, da tawa zaryar, da yawan tambayar likitoci da kuma karatu. Kuma duk tsawon rubutun nan abu ɗaya nake so ya zauna wa mutum a rai, in kana kan magani aka auna aka ga lamba ta yi kyau, ba warkewa ka yi ba, maganin ne ke riƙe da ita.

Sunan ma kansa yana rikita mutane. In aka ce hawan jini sai mutum ya ɗauka jinin ne ya yi yawa a jiki ko ya taso ya hau kai, shi ya sa za ka ji wani ya ce bari ya je wanzami ya yi masa ƙaho a rage. Ba yawan jini ake nufi ba sam. Mace za ta iya samun ƙarancin jini har ana ce mata ta dage da alayyahu da hanta, kuma a lokaci guda tana da hawan jini, babu karo a tsakani. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da jini yake tunkuɗar bangon jijiya da shi. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san injin ban ruwa da tiyo, in bakin tiyon ya matse ko tiyon ya tsufa ya sandare, ruwa zai riƙa fita da ƙarfin tsiya injin kuma yana gurnani yana wahala. Toh zuciya ce injin, jijiyoyi su ne tiyon. Lambar sama ita ce ƙarfin a lokacin da zuciya ta matsa ta turo jini, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana ɗan hutawa kafin bugu na gaba.

120 bisa 80 ko ƙasa da haka kaɗan shi ne lafiya lau. Daga 140 bisa 90 zuwa sama, in an auna a ranaku daban-daban ya ci gaba da nuna hakan, shi Hukumar Lafiya ta Duniya take kira hawan jini. Amurkawa a 2017 sun sauko da nasu layin zuwa 130 bisa 80, shi ya sa in kana bincike a intanet za ka ga lambobi sun saɓa wa juna, amma a yawancin asibitocinmu 140 bisa 90 ake bi. Kuma ko ɗaya ce ta hau a cikin biyun ta wadatar. Tsofaffi ma yawanci ta saman ce ke hawa ita kaɗai, ka ga 165 bisa 75, sai 'ya'ya su ce ai Baba ta ƙasan lafiya lau take, alhali ta saman nan ce ke kawo shanyewar jiki.

Babbar matsalar ciwon nan ita ce ba ya ciwo. Na sha jin ana cewa ni ai in ya hau ina ganewa, ƙeyata ce ke sarawa, ko idona ya yi ja, ko in ji jiri. Dan Allah a daina dogaro da wannan. Mutum zai iya yawo da 180 yana cinikinsa a kasuwa yana dariya ba ya jin komai, wani kuma kansa na sarawa saboda rana ko zazzaɓi ko rashin barci a auna a ga 118. Ranar da aka gano nawa rakiyar mara lafiya na yi, nas ta ce kawo hannunka kai ma, aka ga 168 bisa 104, kuma ko ciwon kai babu a ranar. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce mutum kusan biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma a cikin duk biyar ɗaya ne kawai nasa yake zaune daidai a inda ake so. Kisan mummuƙe kenan, yana ta ɓarna a ciki shekara da shekaru, tsokar zuciya tana kauri tana gajiya har wata rana mutum ya fara haki in ya hau bene, ƙafa ta kumbura, ya kasa kwanciya sai an tara masa filo. Ƙoda kuma 'yan siraran jijiyoyinta suna ta lalacewa shiru har a wayi gari ana maganar wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati, wanda duk wanda ya taɓa jinyar mai shi ya san gida da gona yake cinyewa. Ido ma haka. Ƙwaƙwalwa kuma ko jijiya ta toshe ko ta fashe, sai a ce jifa ne ko shafar iska ce.

Sai maganar tunani. Mu a wajenmu da an ce wane yana da hawan jini sai a ce Allah sarki tunani ne ya yi masa yawa, ko kishiya ce ta saka mata, ko yaran nan za ku sa min hawan jini. Gaskiya ne ɓacin rai da fargaba suna ɗaga lambar a lokacin, kuma damuwar da ta daɗe tana hana barci tana da nata kason. Amma illar wannan fahimtar ita ce da zarar matsalar ta wuce, an biya bashin ko an sasanta rikicin, sai mutum ya ce ai abin da ya kawo shi ya tafi, ya watsar da magani. A wajen mutum tara cikin goma babu wani dalili guda ɗaya da za a nuna da yatsa, haɗuwa ce ta gado da shekaru da gishiri da nauyin jiki da rashin motsi. In mahaifiyarka ko mahaifinka suna da shi toh ka fara awo tun da wuri. Ba kuma ciwon masu kuɗi ko masu tumbi ba ne kaɗai, na ga siririn manomi da ko kitse babu a jikinsa a layin asibiti da lamba sama da 200. Ragowar ɗayan cikin goman su ne waɗanda ake samun takamaiman sanadi, ciwon ƙoda ko wata matsala ta sinadaran jiki, shi ya sa in matashi ɗan ƙasa da 30 ya zo da shi likita ba ya tsayawa a rubuta ƙwaya sai ya tura shi gwaje-gwaje. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, wannan ma ya gaya wa likita, matar gida ce ta fi sanin wannan labarin.

Awon ma akwai yadda ake yin sa. Ba wai ka sauko daga adaidaita cikin rana da gumi ka miƙa hannu a tsaye ba. Ka zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore kan tebur daidai saitin ƙirji, kada ka yi magana ana cikin awo, in kana jin fitsari ka je ka yi, kuma rabin awa kafin nan babu goro babu taba babu kofi. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu. Maɗaurin ma ya dace da kaurin damtse, in ya yi wa mai jiki kaɗan lambar za ta fito sama da gaskiya. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu inganci. Akwai mutanen da ganin likita kawai ke sa nasu ya hau su koma gida ya sauka, don haka in da hali a haɗa kuɗi a sayi na'ura ɗaya a gida a riƙa rubutawa a ɗan littafi, kwanan wata da lokaci da lamba. A awon gida layin yana ɗan saukowa, 135 bisa 85 ake ɗauka.

Yanzu gishiri, kuma a nan zan ɗan daɗe don a nan muke yaudarar kanmu. Abin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma wannan jimillar komai ce tun daga karin kumallo har tuwon dare, ba a kowace tukunya ba. Yadda yake aiki mai sauƙi ne, sinadarin sodiyom da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwa ya ƙaru a tiyo, ƙarfi ya ƙaru. Kuma bincike ya daɗe da nuna mu baƙaƙen fata da yawanmu jikinmu ya fi saurin amsa wa gishiri. Toh sai uwargida ta ce wallahi tunda aka ce Alhaji yana da hawan jini na daina sa gishiri a miya, ka tambaye ta dunƙule nawa take sawa ta ce shida. Dunƙulen nan wajen rabinsa gishiri ne zalla, farin magi ma sodiyom ne a cikinsa. Yajin da muke barbaɗawa a garau-garau da ɗanwake da awara da shi aka daka, tsire da kilishi da balangu haka, garin da ke cikin ledar indomi, sardin na gwangwani, har burodi da ba ka jin ɗanɗanon gishirinsa yana da rabonsa. In ka tara na yini ɗaya sai ka ga an ninka cokalin nan.

Sai kanwa, wadda kusan ba mai kawo ta a lissafi. Kanwa sodiyom ce ita ma, kuma tana cikin miyar kuka da kuɓewa da dafa wake da ɗanwake, uwa uba kunun kanwa na masu jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka yi rubutu kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego na tafasasshen ruwa da kwanciyar gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan ma, amma batun cewa ɗura wa mai jego kanwa kofi-kofi har kwana arba'in lodin sodiyom ne a kan zuciyar da ta riga ta gaji, wannan ba abin musu ba ne. In mai jego ta yi hawan jini da cikin, Inna da Gwaggo su yi haƙuri, a dama mata kunun tsamiya ko na gyaɗa.

Ba a ce a ci lami ba. Abin da ya yi mana aiki a gida shi ne ragewa a hankali, daga dunƙule huɗu zuwa uku zuwa biyu, a cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da kanumfari da busasshen kifin da ba a jiƙa shi da gishiri ba, kuma tukunya ɗaya ga kowa, don in aka ware wa mai ciwo tasa daban yana ganin ta sauran ba a sati zai koma. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ya kai in ka ci abincin biki ka ji kamar an zazzage gishirin. A ɗaya ɓangaren kuma akwai sinadarin fotashiyom da ke taimaka wa jiki ya fitar da sodiyom, yana cikin wake, alayyahu, zogale, rama, dankali, ayaba, lemo, kankana, dabino, duk abubuwan da ke kasuwarmu. A ƙasar Sin an yi wani babban gwaji da aka wallafa a 2021, mutum wajen 21,000 a ƙauyuka 600, aka ba wasu gishirin da aka rage masa sodiyom aka haɗa da fotashiyom, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a cikinsu. Amma wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu kada ya kusanci irin wannan gishirin sai da izinin likita, fotashiyom na iya taruwa masa ya taɓa bugun zuciya.

Zobo fa? Eh, akwai ƙamshin gaskiya. An gwada shi a Jami'ar Tufts a Amurka aka wallafa a 2010, kofi uku a rana na sati shida ya rage lambar sama da wajen maki 7 ga masu ɗan hawa kaɗan. Amma wancan zobon babu sukari, ba irin namu na ƙullin leda da ake narka masa rabin gwangwani ba, kuma maki 7 ga wanda yake 170 ina zai kai shi. A sha a matsayin taimako, shi da tafarnuwa da zogale, amma kada a ajiye ƙwaya dominsu.

Motsa jiki minti 150 a sati ake nema, wato rabin awa sau biyar, tafiya ce kawai mai ɗan sauri wadda za ka ji numfashi ya ƙaru amma kana iya magana. Bayan asuba kafin rana ta yi zafi ya fi. Matan da ba sa fita za su iya zagaya tsakar gida. Mai ƙiba in ya rage, kusan kowane kilo ɗaya yana sauke maki ɗaya. Taba da shisha kam babu zancen ragewa, bari ake yi, giya ma haka. Goro da kofi da lemukan ƙara kuzari da matasa ke sha kamar ruwa suna ɗaga shi na ɗan lokaci, a sassauta.

Akwai kuma magungunan da muke sha da hannunmu suna ɗaga shi ba mu sani ba. Ibuprofen, diclofenac, piroxicam, duk waɗannan na ciwon jiki da gwiwa da ake haɗa wa leburori da tsofaffi a ƙulli a ce na gajiya ne, suna riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna kuma cin ƙoda in an daɗe ana sha. Dexamethasone da wasu mata ke sha don su yi ƙiba shi ma haka. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin, duk a gaya wa likita in ana sha. Mai hawan jini in ciwon jiki ya dame shi farasitamol ya fi masa sauƙi.

Toh mu zo kan ƙwayar da ake gudu. Maganar da ta fi yawo ita ce kar ka fara, in ka fara jikinka zai saba ba za ka iya dainawa ba. Ba sabo ba ne irin na ƙwayar maye. Ciwon ne bai tafi ba, tun kafin ka fara shan maganin yana nan, in ka daina kuma zai koma inda yake, wani lokacin cikin kwanaki wani lokacin sai bayan makonni, kuma da yake ba ya ciwo ba za ka san ya koma ba. Kamar tabarau ne, ganinka ya gyaru don yana kan fuskarka. Wasu kuma su ce maganin Bature yana kashe ƙoda, alhali mafi yawan waɗanda hawan jini ya kai su wankin ƙoda rashin shan maganin ne ya kai su, wasu daga cikin magungunan ma musamman don kare ƙoda ake ba masu ciwon suga su. Kuma ribar ba ƙarama ba ce, sauke lambar sama da maki 10 kawai yana rage haɗarin shanyewar jiki da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ana samun wanda ya rage nauyi sosai ya gyara cin abinci har likita ya rage masa ƙwaya ko ya tsayar yana bibiya, amma likita ne zai yanke wannan da littafin awo a gabansa, ba awo ɗaya a kemis ba.

Magungunan kala-kala ne kuma kowanne da hanyarsa. Amlodipine da nifedipine suna sassauta bangon jijiya ta buɗe, illar da aka fi gani ita ce kumburin idon sawu da ɗan ciwon kai a farko. Masu sa fitsari irin su hydrochlorothiazide, wanda ke cikin Moduretic da kowa ya sani, suna fitar da gishiri da ruwa, da safe ake shan su don kada su hana barci. Lisinopril da danginsa suna toshe wani sinadari da ke matse jijiya, amma suna sa wasu busasshen tari mai naci, sai ka ga mutum yana ta shan maganin tari wata da watanni har ana zargin tibi, alhali da ya koma an canja masa zuwa losartan shikenan tarin ya tafi. In kuma leɓe ko harshe ya kumbura bayan shan lisinopril, wannan asibiti ne a take. Masu shan lisinopril ko losartan ana so lokaci-lokaci a duba musu jini a ga lafiyar ƙoda. Atenolol da propranolol suna rage gudun zuciya, su kam daina shan su kwatsam haɗari ne na musamman.

Abin da ya burge ni shi ne an yi gwajin da ya shafe mu kai tsaye. A 2019 aka wallafa wani bincike mai suna CREOLE wanda Dike Ojji, likitan zuciya a Jami'ar Abuja, ya jagoranta, mutum 728 baƙaƙen fata a ƙasashe shida na Afirka. Aka gano haɗin da ke da amlodipine a ciki, ko da hydrochlorothiazide ko da perindopril (ɗan dangin lisinopril), ya fi sauke lamba a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Kaga kenan maganin da ya yi wa wani aiki a wata ƙasa ba lallai shi ne na farko a wajenka ba. Kuma yawancin mutane sai an haɗa musu biyu ko uku kafin ya zauna, don haka in likita ya ƙara maka ƙwaya ba yana nufin ka kusa mutuwa ba ne, ƙananan awo na magani biyu sun fi babban awo na guda ɗaya aiki da ƙarancin illa, yanzu ma akwai waɗanda aka haɗe su a ƙwaya ɗaya.

Akwai maganar da maza ba sa faɗa a gaban likita sai a majalisa cikin raɗa, cewa maganin ya rage musu ƙarfi wajen iyali. Yana faruwa da wasu magungunan, musamman masu sa fitsari da su atenolol. Amma hawan jinin kansa yana lalata jijiyoyin wurin, don haka wanda ya ajiye magani a ɓoye ya koma wa na masu lasifika a bakin kasuwa, ɓarna biyu ya haɗa. Ka cire kunya ka faɗa, ana canjawa.

Na san kuɗi ma matsala ne, magani ya yi tsada kuma abu ne na kowane wata. Sai mutum ya koma sha yau ya tsallake gobe don kati ya kai ƙarshen wata, ko ya ajiye sai ranar da ya ji kansa na ciwo. Gara ka gaya wa likita ko mai famasi gaskiya cewa ga abin da aljihunka zai iya, don magani ɗaya kamfanoni da yawa ke yin sa kuma farashin ya bambanta nesa ba kusa ba, a duba mai lambar NAFDAC mai sauƙi wanda za ka iya ɗorewa a kai. Mai inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya ya yi amfani da ita. Kuma kada a ari na maƙwabci wai ai ciwonmu ɗaya. Ni dabarar da ta hana ni mantuwa ita ce na ɗaura shi da sallar asuba, katin yana kusa da dadduma. In ka manta jiya kada ka haɗa biyu yau. Da azumi kuma ba a ajiyewa, yawancinsu sau ɗaya ne a yini, sai a mayar sahur ko buɗa-baki, a je tun cikin Sha'aban a tambaya musamman masu shan na fitsari saboda ƙishirwa.

Masu ciki nasu daban ne. Lisinopril da losartan suna cutar da ɗan tayi, duk mai shan su da ke neman haihuwa ko ta ga ɓatan wata ta koma asibiti a canja mata zuwa methyldopa ko nifedipine ko labetalol. Hawan jinin da ke tasowa bayan sati 20 na ciki, ga kumburin fuska da hannu, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani dishi-dishi ko ciwo a saman ciki, shi ke kaiwa ga jijjiga, kuma yana iya zuwa har bayan an haihu. Amfanin zuwa awo kenan, maigida ya bar ta ta je, ya ma kai ta.

In aka auna aka ga 180 bisa 120 ko sama, a zauna a huta a sake, in bai sauka ba a ga likita a ranar. In kuma tare da ciwon ƙirji ne ko haki ko ruɗewa ko gani ya dushe, babu jira. Haka in baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da ya warware bayan 'yan mintuna. Kada a ɗura masa ruwa ko magani a baki don zai iya shaƙewa, kada a haɗa masa ƙwayoyi uku wai a sauke da sauri, saukar gaggawa ma tana iya hana ƙwaƙwalwa jini. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Awannin farko su ne ake iya ceto wani abu a cikinsu, mu kuwa na kawu sai da aka kwana biyu ana hayaƙi da shafe-shafe a gida kafin aka yarda aka kai shi, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Abokin nan nawa ban bar shi ya tashi ba sai da na ba shi labarin kawu tiryan-tiryan. Na ce masa ya biyo ta gida gobe da safe kafin ya sha shayi mu auna sau biyu mu rubuta, mu sake jibi da gata, ya ɗauki takardar ya koma wajen likitan da ya rubuta masa maganin tun farko, in ma kumburin ƙafar da ya ce yana gani ne ya dame shi ya faɗa a canja masa. Ya yi shiru ya ce in sha Allahu zai zo.